Yaran da Suka Tono Tarihin Garuruwansu

A daren jajiberin Kirsimeti na shekarar 1959, wasu samari biyu 'yan shekara 25 suka ɗauki fenti suka nufi wurin ibadar Yahudawa da ke birnin Kolon na Jamus ta Yamma. Ginin bai fi wata uku da sake buɗewa ba. Shugaban gwamnati Konrad Adenauer da kansa ya halarci bikin buɗe shi a watan Satumba, bayan an gyara ɓarnar da 'yan Nazi suka yi masa a 1938. Da gari ya waye, sai jama'a suka tarar da tambarin Nazi a jikin bango, tare da rubutun ƙyamar Yahudawa. Kafin watan Janairu ya ƙare, an sami ɗaruruwan irin wannan aika-aika a garuruwan ƙasar.

Da 'yan sanda suka fara kame, abin da ya fi tayar wa hukuma hankali shi ne shekarun waɗanda suka shiga hannu. Akasarinsu matasa ne, wasu ma 'yan makaranta. Samarin nan biyu na Kolon ba su wuce shekara goma sha ɗaya ba sa'ad da yaƙi ya ƙare a 1945. Ke nan sun yi wayo ne a ƙarƙashin sabuwar dimokuraɗiyya, ita ta raine su, kuma ga abin da suka fito da shi. A watan Fabrairun 1960 ministocin ilimi na jihohi suka zauna, suka fitar da umarnin cewa lallai a riƙa koyar da tarihin baya-bayan nan a makarantu.

Umarnin bai warkar da ciwon ba. Sai da aka ƙara shekara ashirin kafin Jamusawa su gane hanyar da ta fi aiki, kuma hanyar ta ɓullo ne ta wata gasar 'yan makaranta wadda ba don wannan manufa aka kafa ta ba tun farko.

Shirun da ya biyo bayan yaƙi

Bayan faɗuwar Hitler, Jamus ta Yamma ta sami tsarin mulki mai inganci a 1949, ta sami majalisa da kotuna da zaɓe. Abin da ba ta samu ba shi ne sababbin mutane. Alƙalai da 'yan sanda da likitoci da ma'aikatan gwamnati da yawa waɗanda suka yi wa mulkin Nazi hidima sun koma bakin aikinsu cikin 'yan shekaru. Haka ma malaman makaranta, waɗanda kusan dukkansu sun kasance cikin ƙungiyar malamai ta jam'iyyar Nazi. Malamin da ya yi shekaru yana ɗaga hannu yana gaisuwar Hitler a gaban aji ba zai yi zumuɗin buɗe wannan babi ba. A makarantu da dama darasin tarihi yakan ja jiki har zango ya ƙare ana kan Bismarck ko Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A gida ma haka abin yake. Iyaye suna ba da labarin ruwan bama-bamai da yunwa da gudun hijira, wato wahalar da su suka sha. Labarin maƙwabcin da aka kwashe da iyalinsa, da wanda ya sayi shagonsa da araha, ba a yin sa a gaban yara. Ko da shari'ar ma'aikatan sansanin Auschwitz da aka yi a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, bisa jajircewar babban mai gabatar da ƙara Fritz Bauer, ta fallasa abubuwa masu tayar da tsikar jiki, mutanen ƙananan garuruwa sun ci gaba da ɗaukar lamarin a matsayin abin da wasu miyagu suka aikata a wani wuri mai nisa, can gabas.

A 1977 wani malami mai suna Dieter Boßmann ya wallafa rubuce-rubucen ɗalibai fiye da 3,000 da aka tambaya abin da suka ji game da Hitler. Amsoshin sun ba da kunya. Wasu sun rikita ƙasar da ya fito, wasu zamanin da ya rayu, wasu jam'iyyarsa. Shekara goma sha bakwai ke nan bayan umarnin ministoci.

Shugaban ƙasa da attajiri

Gustav Heinemann ya zama shugaban ƙasa a 1969 da ratar ƙuri'a shida kacal a zagaye na uku. A tsarin Jamus wannan kujera ba ta da iko mai yawa, domin mulki yana hannun shugaban gwamnati. Makamin shugaban ƙasa shi ne magana. Heinemann lauya ne, mai riƙo da addini, wanda ya kasance cikin ɓangaren cocin Furotesta da ya ƙi miƙa wuya ga Nazi. Shi ne ministan cikin gida na farko a gwamnatin Adenauer, ya kuma ajiye muƙamin a 1950 saboda bai yarda da shirin sake ba ƙasar makamai ba. An taɓa tambayarsa ko yana ƙaunar gwamnatin ƙasarsa, ya amsa da cewa matarsa yake ƙauna.

Damuwar Heinemann ita ce littattafan tarihin Jamus cike suke da sarakuna da janar-janar, alhali talakawan da suka tashi neman 'yanci an mayar da su 'yan tawaye, ko an manta da su ɗungurungum. A wani jawabi da ya yi a Bremen a 1970 ya yi kira da a nemo waɗannan mutane a ba su matsayinsu. Abin ya shafe shi har gida, domin cikin dangin mahaifiyarsa akwai waɗanda suka shiga juyin juya halin 1848 zuwa 1849, lokacin da zaɓaɓɓiyar majalisa ta zauna a Frankfurt ta rubuta tsarin mulki, sarkin Prusiya ya ƙi karɓar rawanin da ta miƙa masa, daga bisani sojojinsa suka murƙushe ragowar masu juyin a ganuwar Rastatt a watan Yulin 1849. A ganinsa, dimokuraɗiyyar da 'ya'yanta suka ɗauka cewa sojojin Amurka da Ingila ne suka kawo musu ita a bayan mota ba za ta yi saiwa ba. Dole su san cewa kakanninsu ma sun neme ta, wasu har sun mutu a kanta.

Kuɗin aikin ya fito daga aljihun Kurt Körber, attajirin Hamburg wanda ya yi arziki da ƙera injinan naɗe taba sigari, ya kuma kafa gidauniya a 1959. A 1973 su biyun suka ƙaddamar da gasar tarihi ta 'yan makaranta. Batun farko shi ne juyin 1848. Na biyu sauyi daga mulkin sarki zuwa jamhuriya a 1918 da 1919. Na uku sabon farkon dimokuraɗiyya a 1945 da 1946. Duk batutuwa ne na alfahari.

Sai dai an saka wata ƙa'ida wadda ta fi batutuwan tasiri. Ba a yarda ɗalibi ya kwafo abin da ke cikin littafi ba. Dole ya binciki abin da ya faru a garinsu, ko unguwarsu, ko danginsu. Dole ya je ma'ajiyar takardun ƙaramar hukuma, ya duba tsofaffin jaridu da rajistar coci, ya zauna da tsofaffi, sannan ya nuna inda ya samo kowace magana. Malami jagora ne kawai. Har yau tsarin bai sauya sosai ba: duk bayan shekara biyu ake buɗe gasar a ranar 1 ga Satumba, a rufe a ƙarshen Fabrairu, ƙofa a buɗe take ga duk wanda bai kai shekara 21 ba, shi kaɗai ko a rukuni, kuma shugaban ƙasa ne ke karɓar zakaru a fadarsa.

Da tambaya ta juyo gida

Daga 1977 zuwa 1979 gasar ta koma kan rayuwar yau da kullum: yadda aiki ya sauya, yadda muhalli ya sauya, yadda mutane ke hutawa bayan tashi daga aiki. Wannan ya zo daidai da wani yunƙuri da ke tasowa a Turai na rubuta tarihin talakawa. A 1978 marubucin Suwidin Sven Lindqvist ya fitar da littafin da ke kiran ma'aikata su haƙa a inda suke tsaye, wato su binciki tarihin masana'antar da suke aiki a ciki. A watan Janairun 1979 kuma gidajen talabijin na Jamus ta Yamma suka nuna wani wasan kwaikwayo na Amurka mai suna Holocaust, a kan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Kimanin mutum miliyan 20 suka kalla, kuma a gidaje da yawa ranar ce yara suka fara juyowa suna kallon iyayensu da tambaya.

A cikin wannan yanayi aka sanar da batun gasar 1980 zuwa 1981: rayuwar yau da kullum a zamanin Nazi. Matasa kusan 13,000 suka shiga, suka miƙa ayyuka fiye da 2,000. Gasar da ta biyo baya, ta 1982 zuwa 1983, ta ɗauki shekarun yaƙin kansu. Ƙa'idar nan ta bincike a gida, wadda aka yi domin yara su gano jaruman garinsu, ita ce yanzu ta kai su ga abin da garin ya binne.

Abin da suka fi cin karo da shi shi ne aikin tilas. A tsawon yaƙin, mutane wajen miliyan 13 daga ƙasashen da aka mamaye, da fursunonin yaƙi, da na sansanonin gwale-gwale, aka tilasta wa yin aiki a cikin daular Jamus. Suna gonaki, suna masana'antu, suna ma'adinai, wasu ma a gidajen mutane. Da wuya a sami gari, komai ƙanƙantarsa, da bai ga irin waɗannan bayin Allah ba. Amma har zuwa lokacin manyan masana tarihi ba su ba batun muhimmanci ba. Littafin Ulrich Herbert da ya zama madogara a kai sai a 1985 ya fito. 'Yan sakandare sun riga farfesoshi isa wurin. Su ne suka riƙa tambayar dalilin da ya sa akwai kaburbura masu sunayen Rashawa da 'yan Poland a kusurwar maƙabartar gari, da abin da aka yi da dogon ginin katako da ke bayan masana'anta.

Landsberg da Passau

Landsberg ƙaramin gari ne a jihar Bavariya, wanda duniya ta sani saboda a kurkukunsa aka tsare Hitler a 1924. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga watan Yunin 1944 zuwa Afrilun 1945 an kafa sansanoni goma sha ɗaya a kewayen garin da maƙwabcinsa Kaufering, a matsayin rassan sansanin Dachau. Fursunoni fiye da 20,000, kusan dukkansu Yahudawa, aka kawo su gina manyan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na ƙera jiragen yaƙi. Suna kwana a bukkokin da aka haƙa cikin ƙasa. Dubbai suka mutu saboda yunwa da cuta da duka. Bayan yaƙi ciyawa ta rufe wuraren, aka yi gine-gine a kan wasu.

Wani malamin tarihi mai suna Anton Posset da ɗalibansa suka ɗauki wannan batu domin gasar shugaban ƙasa, aikinsu kuma ya ci kyauta. Ba su tsaya nan ba. A 1983 aka kafa ƙungiyar 'yan gari domin ci gaba da binciken, bayan shekara biyu ƙungiyar ta sayi wani ɓangare na filin ɗaya daga cikin sansanonin, inda ragowar bukkokin suke, domin kada a share su. Wurin yanzu dandalin tunawa ne da baƙi ke ziyarta daga ƙasashe daban-daban. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Edith Raim, ta zama ƙwararriyar masaniyar tarihi, kuma a kan waɗannan sansanoni ta yi digirinta na uku.

A Passau, can kan iyakar Ostiriya, labarin ya fi ɗaci. Anna Rosmus, wadda aka haifa a 1960, 'yar gidan mutunci ce, mahaifinta shugaban makaranta. Ta taso tana jin cewa garinsu na mabiya ɗarikar Katolika ya yi wa Nazi turjiya. Da ta fara bincike domin gasar a 1980, tana tsammanin za ta rubuta labarin jarumta ne. Tsofaffin jaridu suka nuna mata akasin haka: wasu daga cikin dattawan da ake girmamawa a matsayin 'yan turjiya sun yi wa mulkin hidima da bakinsu da alƙalaminsu. Da ta nemi takardu a ma'ajiyar gari sai aka fara yi mata hanya-hanya, yau a ce fayil ya ɓata, gobe a ce yana hannun wani. Ta kai hukumar garin kotu, ta yi nasara. Littafinta ya fito a 1983, ya kuma sami babbar kyauta a shekarar da ta biyo. Amma ta sha zagi da barazanar kisa. Jamusawa suna da suna ga irin wannan mutum: tsuntsun da ke ɓata sheƙarsa. A 1990 Michael Verhoeven ya shirya fim a kan labarinta wanda ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar. A 1994 ta tattara ta koma Amurka.

Shi kansa Körber bai tsira daga irin wannan tono ba. Bincike ya tabbatar da cewa ya shiga jam'iyyar Nazi a 1940, kuma yana cikin manyan jami'an wata masana'anta a Dresden da ta yi amfani da ma'aikatan tilas wajen ƙera kayan yaƙi. Mutumin da ya biya kuɗin gasar yana cikin tarihin da gasar ta tono. A shekarar 2000 gwamnati da kamfanonin Jamus suka kafa asusun biyan diyya, wanda zuwa 2007 ya biya tsofaffin ma'aikatan tilas kimanin miliyan 1.66 kuɗi sama da Yuro biliyan 4. Matsin lamba daga kotunan Amurka ne ya tilasta hakan kai-tsaye, amma a lokacin babu wani gari da zai iya cewa bai san da zancen ba, domin 'ya'yansa sun riga sun rubuta.

Inda tarihi ya haɗu da dimokuraɗiyya

Ana iya tambaya: mene ne haɗin tono kaburbura da ƙarfafa mulkin jama'a? Amsar tana cikin abin da ɗalibi ke yi a watanni shidan nan. Yakan je ofishin hukuma ya nemi takarda a matsayin haƙƙinsa, in an hana shi ya koyi inda ake kai ƙara. Yakan ji magana daga bakin kakarsa, ya ga takardar da ta saɓa mata, ya zauna ya auna wace ce ta fi ƙarfi ba tare da ya daina ƙaunar kakar ba. Yakan gane cewa jarida na iya yin ƙarya, mai riƙe da muƙami ma haka. Yakan kuma ga cewa mulkin zalunci bai tsaya da ƙafar mutum ɗaya ba: akwai magatakardan da ya buga hatimi, da direban da ya ja jirgi, da maƙwabcin da ya rufe taga, akwai kuma matar da ta riƙa ajiye burodi a bakin hanyar da fursunoni ke bi. Dukkansu mutanen gari ɗaya ne, kuma kowannensu ya yi zaɓi. Wanda ya fahimci haka yana da shekara goma sha shida zai fi wuyar yarda cewa ƙuri'arsa ko shirunsa ba su da nauyi.

Malaman Jamus sun ba wannan tunani ƙa'ida a 1976, a wani taro da aka yi a ƙauyen Beutelsbach, lokacin da jam'iyyu ke zargin juna da cusa wa yara aƙida. An amince da abu uku. Haramun ne malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa, komai kyawun ra'ayin. Abin da ake saɓani a kansa a fagen ilimi da siyasa, a gabatar da shi a aji a matsayin abin saɓani. Sannan a horar da ɗalibi ya iya nazarin halin da ake ciki, ya gane inda maslaharsa take.

Jamus ta Gabas ta bi wata hanya dabam. A can babu shiru ko kaɗan. Ana kwasar yara zuwa sansanin Buchenwald, ana haddace musu sunayen 'yan kwaminis da Nazi suka kashe, ana rantsar da su. Amma darasin a rufe yake: gwamnati ta ayyana kanta magajiyar waɗanda suka yaƙi Hitler, masu laifi kuma duk suna Yamma. Yaro ba shi da abin bincike, domin an riga an ba shi amsa. Da ƙasar ta rushe a 1990, darasin ya bi ta. Hare-haren da aka kai wa baƙi a Hoyerswerda a 1991 da Rostock a 1992 sun nuna cewa shekara arba'in na haddar ba su yi rigakafin da aka zata ba.

Adalci ya wajabta a ƙara da cewa Yamma ma ba ta kuɓuta ba. A Mölln a 1992 da Solingen a 1993, garuruwan Yamma, an cinna wa gidajen Turkawa wuta, mata da yara suka mutu. A watan Satumban 2024 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thuringia, a Fabrairun 2025 kuma ta zo ta biyu a zaɓen tarayya, kuma matasa da yawa na cikin masu zaɓenta. Matasa sama da 150,000 da suka shiga gasar tun 1973 kaɗan ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 80. Aikin na kowane zamani ne, sabo yake komawa da zarar sababbin yara sun shiga aji.

Abin da masu mulkin kama-karya suka gane

Bayan rushewar kwaminisanci, ƙasashen gabashin Turai sun kwaikwayi tsarin. Poland ta fara tata gasar a 1996, a 2001 kuma aka haɗa irin waɗannan gasa a ƙarƙashin wata inuwa mai suna EUSTORY, wadda ta game ƙasashe sama da ashirin. A Rasha ƙungiyar Memorial ce ta fara tata a 1999, ƙarƙashin jagorancin masaniyar tarihi Irina Scherbakova. Yara daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa suka riƙa aiko da labarin kakannin da aka ƙwace wa gona, da waɗanda aka kai sansanonin Stalin, da wasiƙun sojoji da aka adana a akwati.

A watan Afrilun 2016, a ranar ba da kyaututtuka a Mosko, wasu masu tsattsauran kishin ƙasa suka tare ƙofar zauren suna kiran yaran da malamansu maciya amana, suka watsa wa marubuciya Lyudmila Ulitskaya koren maganin ciwo a fuska. A shekarar ne gwamnati ta saka ƙungiyar cikin jerin 'yan koren ƙasashen waje. Ranar 28 ga Disamban 2021 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin rushe ta, wata biyu kafin mamayar Ukraine. A 2022 Memorial ta sami kyautar zaman lafiya ta Nobel. Gwamnatin Rasha ba ta ƙi tarihi a makaranta ba, hasali ma ta ƙara masa lokaci, ta fitar da littafi guda da kowa zai karanta. Abin da ba ta lamunta shi ne yaro ya tambayi kakarsa sannan ya je ya duba fayil.

Tambayar da ke gaban Najeriya

Najeriya ta taɓa yin gaba a wannan fage. Kenneth Dike ya assasa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955, Abdullahi Smith kuma ya jagoranci buɗe cibiyar bincike ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 2000 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa. Sai a watan Nuwamban 2022, lokacin da Adamu Adamu ke ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da shirin horar da malamai 3,700. Tsakanin cirewa da dawowa, miliyoyin yara sun gama makaranta, kuma su ne ke jefa ƙuri'a yanzu, su ne kuma ke samun labarin 1966 daga Facebook da TikTok, kowa da irin nasa.

Dawo da darasin alheri ne, amma labarin Jamus ya nuna cewa umarnin minista shi ne mataki mafi sauƙi. Wanda ya fi wuya shi ne yanke shawarar irin tarihin da za a koyar: na haddar jerin sarakuna da shekarun da gwamnoni suka sauka, ko na tura yaro cikin garinsu da littafin rubutu. Laifin Nazi ba shi da tamka, kuma ba a kwatanta shi da komai a nan. Hanyar binciken ce abin aro.

Kayan aikin kuwa suna nan. Akwai fayilolin lardi da na En'e a ma'ajiyar Kaduna, akwai tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, akwai takardun ajami a akwatunan gidajen malamai. Akwai batutuwan alfahari irin waɗanda Heinemann ya so: su wane ne suka fara buɗe reshen NEPU a gari bayan kafa ta a Kano a 1950, me suka fuskanta a gaban alƙali, kuma yaya matan unguwa suka ji ranar da suka fara jefa ƙuri'a a 1976, shekaru bayan takwarorinsu na Kudu? Akwai kuma masu nauyi: mutanen da Turawa suka ɗiba aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da asalin ƙauyukan da a da rinji ne na bayi, da abin da ya sami Inyamuran da ke zaune a Sabon Gari a 1966, wa ya kai hari, wa ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗakin matarsa, da yadda rikicin Maitatsine na Disamban 1980 ya faro a idon mutanen unguwa.

Irin wannan bincike zai ɓata wa wasu rai, kamar yadda ya faru a Passau, kuma a al'ummar da ke ganin tsare dattijo da tambaya rashin kunya ne, malami zai buƙaci hikima da goyon bayan hukumar makaranta da masu unguwanni. Hausawa kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata yaron ya sauko ya zauna a gaban babban ya tambaye shi, ya rubuta, ya gwada da abin da wani babban ya faɗa. Wanda yake da shekara ashirin a 1966 yau yana bakin tamanin. Yaran Landsberg sun tarar da shaidunsu da rai saboda sun fara tambaya shekara talatin da bakwai bayan yaƙi. A nan an doshi shekara sittin.